Jakar Wasiƙun Baba

"Ƙarfe goma na safe? Haba Injiniya! Me zai hana a bari sai yamma?"

Auta ta mayar da wayar ɗaya kunnen, ta tura ƙofar kicin da ƙafa don kada muryarta ta kai ɗakin mahaifinta.

"Dillalin ne ya sa lokaci, ba ni ba," in ji shi. "Ƙarfe biyu zan sa hannu a takardu. Akwai masu jira in yi sanyin jiki su ɗauke gidan. Kuma na faɗa miki, ba zan sa hannu ba sai Baba ya ga ɗakinsa da idonsa."

"Ai ni na gani, ya isa..."

"Ke za ki kwana a ciki?"

"Injiniya..."

"Autata, wai mene ne? Wata uku ke nan, da na ambaci unguwar nan sai muryarki ta canza. In gidan ne bai miki ba, ki faɗa min. In kuma ni ne..."

"Kada ka ƙarasa! Wallahi kada ka ƙarasa!"

Ya sassauta murya.

"To shi ke nan, hasken idona. Tara da rabi ina ƙofar gida."

Ta kashe wayar, ta jingina da bango.

Saura sati shida aurensu. Shekara goma Injiniya ya yi yana gina wa mutane gidaje a cikin rana da ƙura, yana kwana a ɗakin haya, burinsa ɗaya a duniya: ranar da zai ajiye matarsa a unguwar masu hannu da shuni da ke bayan gari. Ga shi burin ya zo har bakin ƙofa. Ya ma zaɓi gida mai ɗaki a ƙasa saboda Baba, ba tare da ta roƙe shi ba. Wace mace ce za ta samu wannan ta ce a'a?

Amma akwai abin da Auta ba ta faɗa masa ba.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana raba wasiƙu gida-gida kafin ya yi ritaya. Tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, tunaninsa ya fara zubewa a hankali. Da yamma lafiya lau yake, ya zauna a kujerarsa ya amsa gaisuwa, har ya yi barkwanci. Shi ya sa kullum da yamma take ce wa Injiniya ya zo. Amma da ƙarfe goma na safe ya yi, sai Baba ya tashi ya sa hularsa, ya rataya tsohuwar jakarsa ta fata, ya fita aiki.

Ita take cika masa jakar. In ta dawo daga makarantar da take koyarwa, sai ta ninke farar takarda ta sa a ambulan, ta rubuta lambar gida a baya. Mutanen layi kuwa kowa ya san nasa aikin. Mai faci zai goge hannu a wando ya karɓa, ya ce, "An gode, ma'aikaci!" Matar tela ta ba shi ruwa. Mai kemis ya riƙe shi da hira har ya huta. In ya nufi babban titi, wani zai ce, "Baba, ai ka manta gidan kwana," ya juyo da shi cikin dabara. Da yamma a tattaro ambulan ɗin a dawo mata da su ta ƙofar baya. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan abu, haka kawai layin ya koya.

Ta so ta faɗa masa, Allah ya sani ta so. Sai dai kafin Injiniya akwai wani da ya taɓa zuwa. Ranar da Baba ya tambaye shi sunansa sau huɗu a zama ɗaya, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Ba ta yi kukan wancan ba. Wannan kuwa in ya tafi, ta san ba za ta sake zama daidai ba.

Tara da rabi cif motar ta tsaya. Baba ya fito tsaf cikin farar riga, jakar a kafaɗa.

"Baba, bar jakar mana," ta faɗa da murmushin dole. "Yanzu za mu dawo."

"In bar kayan mutane? Uwata, kanki ɗaya kuwa?"

Ta saci kallon Injiniya.

"Bar shi ya ɗauka," ya ce kawai, ya buɗe wa Baba ƙofar gaba.

Tafiyar minti arba'in suka yi. A bakin get ɗin unguwar masu gadi uku suka tare su, ɗaya ya leƙa bayan mota, ɗaya ya rubuta sunayensu a littafi, na ukun ya kira dillali a waya kafin a ɗaga ƙarfen. Daga nan kuwa sai ka ce wata duniya aka shiga. Titi sumul, bishiyoyi a jere, ciyawa an aske ta daidai wa daida. Gidaje farare masu jan rufi, kowanne tagwayen ɗan'uwansa, kowanne da doguwar katanga da kyamara a saman get. Ba yaro, ba mai talla, ba ko akuya. Shirun wurin har kunne yake toshewa.

"Kin ji shirun nan?" in ji Injiniya, fuskarsa fal murna. "Get ɗaya ne shiga da fita. Ko kaza ba ta fita ba a sani ba."

"Na ji," ta ce.

Dillalin na jiransu a ƙofar gidan, ɗan gajere mai tumbi da makullai cike da hannu, irin mutanen nan da ko numfashi ba sa yi tsakanin magana da magana.

"Amarya, barka da zuwa gidanki! Nan fa ba ruwan kowa da kowa. Maƙwabcinka sai ka shekara ba ka ga fuskarsa ba. Kwanciyar hankali ke nan!"

Ɗakin Baba na da faɗi, da banɗaki a ciki, da taga mai kallon bango. Baba ya zauna a bakin tagar, ya ɗora jakar a cinya, ya ce, "Madalla. Allah ya sa albarka." Auta ta dubi agogon wayarta. Goma da minti ashirin. Ta tsaya kusa da shi kamar an dasa ta.

"Autata, zo ki ga sama!" Injiniya ya kira daga kan bene.

"Na gani wancan karon."

"An gama barandar. Minti ɗaya kawai, don Allah!"

Ta dubi Baba. Idanunsa a lumshe, kamar mai gyangyaɗi. Ta haura da gudu-gudu.

Minti ɗayan nan dillali ya mayar da shi goma. Sai da ya buɗe kowace durowa, ya kunna kowane famfo, ya ba da tarihin tayil. Da ta samu ta zille ta sauko, ɗakin wayam. Ƙaramar ƙofar get a buɗe.

"Baba!"

Shiru.

"Baba! Innalillahi... Injiniya! Baba ya fita!"

Ta faɗa titi, mayafinta na jan ƙasa. Dama, ba kowa. Hagu, ba kowa. Ta yi gudu zuwa kwana, wani titin ne iri ɗaya da wanda ta baro, fararen gidaje, jan rufi, rufaffun ƙofofi. A layinsu da tuni mutum biyar sun nuna mata hanyar da ya bi. Nan kuwa wa za ta tambaya? Bishiya?

Ta danna ƙararrawar wani gida. Murya ta fito daga ɗan akwatin jikin bango.

"Waye?"

"Don Allah ko kun ga wani dattijo da farar riga..."

"Ba mu sani ba."

Ƙit, aka kashe.

Injiniya ya iso da mota, dillali a baya yana share gumi.

"Shigo! Ba zai yi nisa ba, ba inda zai fita."

Sai a titi na uku ta ga alama. Farar ambulan ce a ƙarƙashin wani get, da rubutun hannunta a jiki. Ga wata a gida na gaba. Ga wata. Baba na bakin aiki, yana bin lambobi kamar yadda ya saba. A titi na huɗu alamar ta yanke.

Wayar dillali ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta canza.

"Yallaɓai... zauren mazauna unguwa ne na waya. Wai an kama wani tsoho yana leƙa gidaje yana duba lambobi. Har da hoto."

Auta ta fizge wayar. Baba ne, mutum biyu sun riƙe masa hannu, hularsa a karkace. A ƙasan hoton saƙonni sai shigowa suke: 'Ɗan leƙen asirin ɓarayi ne.' 'Ta ina ya shigo?' 'A kira 'yan sanda.'

Ba ta san lokacin da suka isa ɗakin masu gadi ba.

Baba na zaune a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa. An zazzage jakar a kan tebur, an yayyage ambulan ɗin, fararen takardu sun warwatsu har ƙasa. Shugaban masu gadin na tsaye a kansa da ɗaya a hannu.

"Takarda ba rubutu! Alama yake sa wa gidajen mutane. Mun tambaye shi gidan wa ya zo, bai sani ba. Sunansa ma ya kasa faɗa!"

"Mahaifina ne!" Auta ta zube a gabansa, ta kama hannunsa. "Baba, ga ni. Ga ni nan, Baba."

Ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zare hannunsa a hankali, cikin ladabi, irin yadda ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, ki taimake ni ki faɗa musu," ya ce, muryarsa na karyewa. "Sun buɗe wasiƙun mutane. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa buɗe wasiƙar kowa ba. Me zan ce wa masu su?"

"Baba... ni ce fa. Autarka ce."

"Ina da 'ya," ya ce. "Tana gida. Kada a faɗa mata, hankalinta zai tashi."

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Shekara biyu yana manta rana, yana manta suna, yana manta ya ci abinci, amma bai taɓa manta ta ba sai yau. Ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata.

Ta zaci Injiniya zai tsaya a bakin ƙofa yana kallo, yana lissafin abin da ya kusa jajibo wa kansa. Ba ta ma iya ɗaga ido ta dube shi ba.

Sai ta ga ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa yana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya ninke su, ya jera a jakar, ya ɗaure maɗaurin. Sannan ya miƙe ya tsaya a gaban Baba ya ƙame.

"Ma'aikaci, daga ofis aka aiko ni. An samu kuskure ne, wannan ba yankinka ba ne. Wasiƙun da aka buɗe, ofis ya ɗauki laifin, ba ruwanka. An ce in mayar da kai layinka."

Baba ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ai na ce! Na ce lambobin nan ba nawa ba ne!"

"Gaskiyarka. Mu je, mota na waje."

Shugaban masu gadin ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, Yallaɓai. Ba mu sani ba. Aikinmu ke nan, in mun ga baƙuwar fuska..."

"Na sani," in ji Injiniya. "Ku ce su goge hoton."

Da ya zaunar da Baba a mota ya rufe ƙofa, Auta ta tare shi a bayan motar, idanunta jawur.

"Wa ya koya maka?"

"Me?"

"Kada ka raina min hankali! 'Ma'aikaci'! Wa ya faɗa maka haka ake kiransa?"

Ya kawar da kai.

"Wata biyar da suka wuce na zo layinku da safe, zan ajiye miki saƙo. Na haɗu da shi a gaban mai faci. Bai gane ni ba. Ya miƙo min ambulan, mai faci ya ƙifta min ido, na karɓa na yi godiya. Shi ya ba ni labarin komai."

"Wata biyar! Wata biyar kana kallona ina ƙarya, ina ce maka sai yamma, sai yamma... ka yi shiru?"

"Ke fa? Shekara ɗaya da rabi muna tare! Jira nake ki yarda da ni ki faɗa min da bakinki. Kullum in ce yau za ta faɗa. Kin ɗauka ni wane iri ne, Auta? Mai gudu?"

"Tsoro nake ji!"

"Ni ma tsoron nake ji! A ranar na ga ya nufi babban titi, manyan motoci na wucewa, na kasa barci sati guda. Kin zaci don ciyawa na nace wa unguwar nan? Da farko don ke ne, ban musa ba. Amma daga ranar, don shi ne! Na ce katanga, get ɗaya, masu gadi, ba babbar mota. Na ce a nan ba zai taɓa ɓata ba."

Ta dube shi, hawaye na bin fuskarta.

"Bai kai awa ɗaya ba a ciki," ta ce a hankali. "Dube shi."

Suka juya tare. Baba na zaune ya rungume jakar a ƙirji, yana kallon fararen katangun kamar yaron da aka kai asibiti.

"A nan sai dai mu kulle shi a ɗaki," ta ci gaba. "In na tafi makaranta, kai ka tafi aiki, ya zauna yana kallon bango har ya manta kowa da komai. Ba zan iya ba, Injiniya. Ina sonka, Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar yadda nake sonka ba. Gidan nan guminka ne, ba zan ce ka bar shi ba, ba ni da wannan bakin. Amma ba zan kawo Baba nan ba, kuma ba zan bar shi ba. In hakan na nufin..."

Ta goge hawaye da mayafi.

Dillali ya matso yana murza makullai.

"Yallaɓai, ba don na katse ku ba... ƙarfe biyun tana nan ko? Lauya na jira."

Injiniya ya ɗaga kai ya kalli cikin unguwar, titin nan sumul, jajayen rufin nan da ya shekara goma yana gani a mafarki.

"Shiga mota," ya ce wa Auta. "Mu kai Baba gida."

Suka kama hanyar gida. Ita tana baya tana kallon ƙeyarsa, tana ƙoƙarin karanta abin da ke ransa, ta kasa. Wayarsa ta yi ƙara sau uku, bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba. Kwalta mai kyau ta ƙare, ramuka suka fara. Hayaniya ta dawo, masu babur, masu tura baro, rediyon wani shago.

Suna zuwa kwanar gidan mai, Baba ya gyara zama.

"Yi dama nan," ya ce. "Ka bi a hankali, akwai rami bayan turken wuta."

Akwai ramin kuwa.

Mai faci ya hango su ya taso yana goge hannu.

"Ma'aikaci! Yau ina ka shiga? Tun safe muke zuba ido!"

"Bari kawai, wani yanki aka tura ni bisa kuskure." Baba ya fito, ya waiwaya bayan mota, ya ɗaure fuska. "Uwata, me ya sami idonki? Wa ya taɓa min ke?"

Ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya, ba ta damu da mutanen layi da ke kallo ba.

"Ba kowa, Baba. Ba kowa."

Ta kan kafaɗarsa ta hango Injiniya ya koma gefe, waya a kunne. Ƙarfe sha biyu da rabi.

"Ka ba lauya haƙuri," ta ji yana cewa. "A'a, ba gobe ba. Ka ba masu jiran... Na sani. Na san ba zan sake samun irinsa ba. Na gode."

Ya sauke wayar, ya juya wa mutane baya, ya daɗe yana goge fuska da hannun riga. Ba ta je ta ce masa kada ya ji zafi ba, don ta san yana ji, kuma zai daɗe yana ji. Ta dai matsa kusa da shi ta tsaya.

"Masoyina..."

"Kada ki ce komai yanzu," ya ce, idonsa ja. "Amma daga yau kada ki sake ɓoye min ko ciwon kai."

"Kai ma haka."

"Ni ma haka."

Ya ja numfashi ya juya wajen mai faci.

"Malam, a layin nan akwai gidan sayarwa?"

Mai faci ya dubi motar, ya dubi takalmin Injiniya, ya fashe da dariya.

"Akwai na bayan kemis. Amma fa rufin yoyo yake kamar rariya, kuma motar nan taka sai dai ta kwana a wajena."

"Rufi aikina ne. Kai ni in gani."

Baba, da ke gyara maɗaurin jakarsa, ya ɗago ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Samari, ban san ka a layin nan ba. Gidanka lamba nawa?"

Injiniya ya rusuna.

"Sabon zuwa ne ni, Baba. Ban samu lamba ba tukuna."

"To ka hanzarta," in ji Baba, ya dafa kafaɗarsa. "Kada wasiƙarka ta zo in rasa inda zan kai maka."